Shaidar da Ban Je Na Bayar Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rabi, autata.

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Maraɗi lafiya, kin sami masauki na mutunci. Allah ya tsare ki a kan hanya da inda hanya ta kai ki, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya maido mana ke da ƙafafunki. Innarki tana gaishe ki. Ita ta sa miki ƙuli-ƙuli da yaji a jaka, ni kuma na cusa wannan a ƙarƙashinsu ba ta sani ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. To ni ga shi ran tafiya nake fafe nawa, don shekara kusan ashirin ina juya shi a hannu na kasa. Kin zauna gabana kin yi mini bayanin aikin da aka ɗauke ki. Wai furoje ne, wani shiri na bincike, za ku bi ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, har gidan kaso za ku shiga, kuna tambaya kuna rubutawa, don a gano abin da ke sa samari su bar gida su bi masu kashe mutane da sunan addini, a tare abin tun bai yi nisa ba. Na ce miki Allah ya ba da sa'a. Kin ga fuskata ba ta saki ba, kika ɗauka don ke mace ce za ki yawon ƙauyuka. Ba shi ba ne. Na san ba albashi ya ja ki ba, yayanki kike nema. Tun kina 'yar shekara takwas kike tambayar abin da ya kore shi daga gidan nan, kowa ya ce miki wa'azin malaman ƙetare ne ya juya masa kai. Kuma na san kin ji abin da direban nan ya faɗa a tashar Cadawa, cewa cikin waɗanda aka kama suna tsallakowa daga gabas bayan rikicin can, ya ga wani mai kama da shi. To kafin ki je ki tsare iyayen wasu da tambaya, fara da naki. Ni na san abin da ya kore shi, kuma yau zan gaya miki.

Ke ba lalle ki gane ba, don a wuyana kika girma. Ran kasuwa kina kan kafaɗata, alewa a hannu, kina fizge mini hula mutane suna dariya. Auta ai ba a jin kunyarta. Shi kuwa ɗan fari ne. Ranar da aka haife shi na saɓa hauya na tafi gona alhali babu aikin da ya rage, ran suna kuma na ɓuya gidan abokina har aka watse. Haka muka tarar, haka kakanninmu suka taho da abin daga ƙasar Katsina: ɗan fari ba ka kama sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka nuna ka san da shi. Da aka yaye shi tsohuwata ta karɓe shi, ɗakinta ya girma. In zan aike shi sai in dubi bango in ce, “A gaya wa yaron nan ya kai jaki rijiya,” alhali ga shi tsaye kusa da ni. Mutane su yi ta cewa, “Kai, Abdu akwai alkunya!” Ni kuma kaina ya kumbura. Wasu iyayen in yaro ya tasa sukan sassauta, su samo wani laƙabi su riƙa kiransa da shi, su ja shi da hira a gona inda ba kowa. Ni ban sassauta ba, don yabon ya yi mini daɗi. Da tsohuwa ta rasu yana da shekara goma sha biyar, sai ya zamana duk faɗin gidan nan babu mai ce masa me ke damunka. Innarki kunyarta ta fi tawa, ita ko ido ba ta haɗawa da shi.

Kin san aikin aya. Bayan an ƙone ganye an tone ƙasa, mutum biyu ke riƙe rariya, wannan nan wancan can, ana girgizawa yashi na zuba. Kaka biyar ni da shi muna riƙe da rariya ɗaya, fuska da fuska, daga hantsi har la'asar. Wallahi Rabi, ko “ka gaji?” ban taɓa ce masa ba. In na ga hannunsa ya tsage sai in ba innarki man kaɗanya in ce a ajiye inda zai gani. Ina tsammani hakan ya isa a ce so ne. To ki riƙe wannan. In kin shiga gida mai gida ya ce miki, “Lafiya lau, yaranmu ba ruwansu, ko magana ba su yi,” kada ki naɗe takardarki ki tashi, nan ne wurin zama. Kada ki tsaya kan wa'azin wa yaron ke saurare, ki tambayi wa ke hira da shi a gidan. Kuma kada ki tambayi uba labarin ɗan farinsa a gaban mutane. Zai ce bai sani ba, ki ɗauka ɓoyo yake yi, alhali da gaske bai sani ba. Nemi gwaggonsa, ko abokin da suke cin tuwo tare.

Ana nan sai aka shiga shekarun da soja suka ja baya, aka ce an buɗe baki, kowa ya kafa jam'iyyarsa. Kamar an kwance awaki da safe. Kowace ranar kasuwa ga motoci da lasifika, ga atamfa mai hoton fuskar mutum, ga alkawarin taki da rijiya da hanya, wanda har yau muna jira. Ni da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi sai aka naɗa ni sakataren jam'iyya na ƙauye. Alƙalamin Bik a aljihun gaba, ko masallaci da shi nake zuwa, har aka laƙaba mini Abdu Bik, ni kuwa ina amsawa da fara'a. Ina da lokacin rubuta sunayen mutanen gari kaf don taro, ba ni da lokacin duban wanda ke kwana a zaurena.

Bakin da aka buɗe ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. Masu wa'azi ma sun sami lasifika. Akwai wani malami matashi da ke tsallakowa daga kudu yana zama gindin bedi a bakin kasuwar Cadawa. Kada kowa ya ruɗe ki, bai fi limaminmu karatu ba, ko kusa. Abin da ya fi mu da shi ɗaya ne. Yana cin abinci kwano ɗaya da samari, yana tambayarsu lafiyar iyayensu mata, kuma in ya ji sunan yaro sau ɗaya ba ya mantawa. Wata ranar kasuwa ina auna aya na ji ya ƙwala wa yayanki kira da cikakken sunansa, daga can nesa, a tsakiyar jama'a. Na ɗaga kai. Na ga yaron ya waiwaya yana murmushi har haƙoransa waje. Ni da na haife shi ban san haka dariyarsa take ba.

Ba a jima ba ya fara ɗage wando, ya fara sallar ƙabalu, hannu a ƙirji, mu kuwa sakin hannu muka gada. Tsofaffi suka fara gunaguni a ƙofar masallaci. Sai wata safiya ina zaune ƙofar gida tare da mutum uku, ya fito, maimakon ya tuɓe takalmi ya durƙusa kamar kullum, ya taho tsaye ya miƙo mini hannu.

“Salamu alaikum, Baba. Ina son in yi magana da kai, in ka sami sarari.”

Na dubi hannun, na dubi mutanen da ke kallona. Na kau da kai na ce da ƙanena, Baffanki Haruna, “Gaya wa yaron nan, ranar da ya tuna yadda ake gaida manya ya dawo.”

Ya daɗe hannun na miƙe kafin ya sauke. Har yau ban san maganar da ya zo da ita ba. Shekara ashirin yana gidana, ran nan ne kaɗai ya nemi ya yi magana da ni, ni kuma tsawon gwiwarsa daga ƙasa nake aunawa. Tir da wannan hali! Don haka in kin je, kada ki auna mutum da wandonsa ko gemunsa ko inda ya aje hannu a salla. Samarin da suka ɗage wando tare da shi, yau ga su nan, wani tela ne a Gazawa, wani yana sayar da taki, wani ma shi ke raba faɗa a unguwarsu. Sun yi zafinsu sun huce, don suna da inda za su koma su huce. Wanda ya ɓace shi ne wanda ya waiwayo gida ya tarar da ƙeya.

Yanzu ga inda aikinki ya shigo, ki karanta a tsanake. A shekarar nan wani mutum ya zo daga Yamai da farar mota da takardar izini, irinku ne, mai bincike. Muna ce masa Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Mutumin kirki, ban ɗora masa mugun nufi ba, yana tuɓe takalmi, yana cin abin da aka ba shi. Hausarsa ba ta nuna ba, sai mai gari ya ce ga Abdu Bik ya zama ɗan rakiyarsa. Ka ga mutum, har sabuwar riga na sa! Kamar yadda aka saba, baƙo gidan mai gari yake sauka, kuma a zauren mai gari ake yi masa magana, gaban dattawa. Duk kwana huɗun da ya yi, saurayi ko ɗaya bai tako zauren ba. An tambayi tsofaffi labarin yara, tsofaffin da ke cike da haushin an daina durƙusa musu. Me kike jin za su faɗa?

Ran na uku Mushe ya ce, “Su wane ne samarin da suka canza? Ina son in same su mu yi hira. Bincike ne kawai, suna ba zai fita daga kayen nan ba.” Ya miƙo mini kayen, littafin rubutunsa ke nan, ya ce in rubuta masa don shi yana kuskuren sunayenmu. Dattawa suna faɗa ina rubutawa. Aka kai mutum shida, sai kowa ya shiga satar kallona. Wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, “To, saura na gidan wani, amma ba a faɗa.” Aka yi 'yar dariya. Ni kuwa don a ce Abdu ba ya son kai, don kuma haushin hannun nan da aka miƙo mini bai sake ni ba, na ce a raina al'ada baki ta hana, ba ta hana alƙalami ba. Na duƙa na rubuta: Lawali Abdu. Ran nan ne farkon da sunan ɗana ya fita daga jikina, kuma ga inda na sa shi. Yau ne na biyu. Daga nan har ƙarshen takardar nan da sunansa zan kira shi, kunyar ta ishe ni haka.

Mushe bai ma sami ganinsu ba, motarsa ta zo ya tafi. Daga baya mai gadin wani buro, wato ofishin gwamnati, ya gaya mini cewa sharaɗin izinin da aka ba shi shi ne ya bar kwafin abin da ya tara kafin ya wuce. Ya bari, har da shafin nan, ya koma Yamai da zuciya fara. Ina jin har ya mutu bai san abin da ya bari a baya ba.

Rabi, ki ji tsoron suna a kan takarda fiye da yadda kike tsoron maciji a ɗaki. Wanda ya gaya miki magana ya ba ki wuyansa ne. Kada ki rubuta sunan kowa, ko an ce miki a akwatin ƙarfe za a kulle, don akwati yana da mabuɗi, mabuɗi kuma yana canza hannu duk ranar da mulki ya canza. Kada ki yi hira da yaro a zauren mai gari. Kada ki bar ɗan gari ya riƙe miki alƙalami, komai kyan rigarsa, don ba ki san wa yake jin haushi ba. In shugabanki na aiki ya matsa sai kin kawo sunaye, ki aje masa aikinsa ki dawo, ayar gonata za ta ciyar da ke.

Bayan wata uku, ran wata kasuwa, samari suka taru a wani gari kusa da mu bayan wa'azi, suka far wa wani gidan giya, suka cinna masa wuta, suka yi wa matan da ke ciki dukan kawo wuƙa. Ɗaya ba ta tashi ba. Mugun aiki ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Kwana biyu sai ga jandarma a ƙauyenmu da takarda a hannu, suna kiran suna bakwai a jere, yadda na jera su. Aka sa Lawali a bayan mota. Alhali ranar da aka yi abin yana gona, yana riƙe da gefe ɗaya na rariya ina riƙe da ɗaya, tun hantsi har la'asar. Duk duniya ni kaɗai na san haka, ni da Allah.

Iyayen sauran shida suka bi mota a ƙafa. Ni na tura Haruna, don uba ba ya zuwa roƙo kan ɗan fari. Da yamma ya dawo ya tsuguna gabana.

“Yaya, kumandan ya ce ni ban ga komai ba, ba zai karɓi tawa ba. Ya tambayi yaron wa zai shaide shi, ya ce kai. An ba ka zuwa gobe da azahar.”

Kafin in buɗe baki wani dattijo da ke wurin ya ce, “Haba Abdu! Kai da kanka za ka je buro kana rantse-rantse kan ɗan fari? Ai sai a yi da kai a gari. Bar shi ya ɗanɗana kwana biyu, hankalinsa ya dawo jikinsa.”

Na ji daɗin maganar nan, Allah ya yafe mini. Don ba kunya kaɗai ke cina ba. Tsoro nake in na shiga buro a buɗe takardar a gabansa ya ga rubutuna. Kunyar mayafi ce kawai na samu na lulluɓa.

Duk da haka da safe na tafi. Na isa har bakin hanyar da ke fuskantar buro ɗin, na zauna kan bencin mai shayi, wai in huta in shiga. Mutum biyu 'yan ƙauyenmu suna kan bencin. Can sai aka fito da yaran sharar fili, an yi musu aski ƙwal, Lawali leɓensa a kumbure. Ya ɗaga kai ya gan ni. Ya saki tsintsiya ya miƙe, na ga yana nuna ni yana yi wa jandarman magana da sauri. Jandarman ya tako har bakin hanya ya ɗaga murya.

“Tsoho! In kai ne ubansa taso ka faɗi abin da ka sani. In ba kai ba ne kada a ɓata mana lokaci.”

Taku nawa ne tsakanina da shi? Bai kai daga zaurenmu zuwa rijiya ba. Mutanen nan biyu suka zuba mini ido su ga abin da mai alkunya zai yi. Na sunkuyar da kai ina kallon kofin shayi, kamar yadda na saba sunkuyarwa shekara ashirin. Ina jin jandarman ya yi tsaki ya koma. Ina nan zaune har aka kira azahar, shayin ya huce a hannuna, sannan na tashi na kama hanyar gida. Na ce wa innarki ban sami ganin kumandan ba, kuma haka ta sani har gobe.

Huɗu daga cikinsu an sake su a makon, don iyayensu sun tsaya musu. Lawali ya yi wata takwas a kaso ba shari'a. Kwana biyun da dattijo ya ce ke nan. A can ne ya haɗu da na gaske, waɗanda malamin gindin bedi yaro ne a gabansu. Su suka ba shi bargo, su suka raba abincinsu da shi, su suka yi jinyarsa da zazzaɓi ya kama shi. Ni kuwa ina aika Haruna da fura. In kin shiga gidan kaso ki buɗe ido ki ga wa ke ba sabon shiga tabarma, don wannan shi ne malaminsa na gobe. Ki gaya wa masu farar mota haka, in suna ji. A kama yaro bakwai don a sami biyu masu laifi, an ba wa waɗancan mutane kyautar biyar ke nan, har da kai musu gida.

Da aka sake shi ya kwana uku a gida. Ke ce kaɗai kike zama kusa da shi, kina shafa kansa kina tambayar ina gashinsa ya tafi, ban sani ba ko kina tunawa. Ran na huɗu da safe ina ƙofar gida da dattawa, ya fito. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya taho ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya,” na ce, ina kallon gefe.

“Ga gaisuwar da kake so, na kawo maka.”

Ya ci gaba da durƙuso, bai tashi ba. Yanzu na san jira yake. Kalma ɗaya yake jira, ko ta faɗa ce. Ni kuwa na ce, “Madalla.” Dattijon nan ya gyaɗa kai ya ce, “Ka gani ko? Kaso ya gyara shi.” Lawali ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya sa takalmi. A ranar ya hau motar kaya a Cadawa, daga shi sai rigar jikinsa.

Sauran kin sani. Wani ya ce ya gan shi yana ɗinkin takalmi a wani birni na ƙetare, wani ya ce a'a, yana can gabas cikin jama'ar wani malami da suka ware kansu. Gari ya yanke hukunci cewa wa'azi ne ya ɗauke shi, ni kuma na bar su a kan haka, har ana yi mini jaje ina amsawa. Kada ki ɗauka wanke shi nake yi. In hannunsa ya taɓa jinin wani, shi zai amsa gaban Allah, kuma uwar wanda aka kashe ba ruwanta da labarin bencin mai shayi. Akwai yaran da aka yi wa abin da ya fi wannan ba su ɗauki makami ba. Amma ni ba a tambaye ni nasu ba, nawa za a tambaye ni. Masu wa'azin nan sun buɗe masa ƙofa, gaskiya ne, sai dai ni na tura shi har bakinta.

Ga shi yanzu soja sun sake alkawarin miƙa mulki, an sake fito da lasifika da atamfa mai hoto, fuskokin ma kusan su ne, sun dai ƙara ƙiba. Za su ce za su kawo tsaro. Ku kuma za ku rubuta littafi mai kauri a kai Yamai a aje kan kanta. Ban hana ba, wataƙila naku ya fi na Mushe amfani. Abin da nake roƙonki, duk ƙauyen da kika bari, ki waiwaya ki tambayi kanki wa zai kwana cikin wahala saboda zuwanki. In akwai, komo ki gyara kafin mota ta tashi. Ki yi sallarki a kan lokaci, ki rufe kanki yadda matan wurin ke rufewa, kada ki kwana garin da ba ki san matar da za ki kwana ɗakinta ba. Kada ki yi gardamar addini da kowa, ba shi aka aike ki ba. In yaro ya fara magana, ko zagi yake yi, bar shi ya kai aya.

Saura magana ɗaya. Mai yiwuwa direban nan idonsa ne ya yi masa gizo. Mai yiwuwa kuma wata rana a shigo miki da mutum ɗan shekara arba'in, ya zauna gabanki, ki ga goshin innarki a fuskarsa. In haka ta faru kada ki yi kuka a gaban masu gadi, kuma kada ki roƙe shi ya yafe wa kowa. Ban sani ba ko an nuna masa takardar nan a wancan lokaci, wannan tambaya ita ke cina dare da rana. Ki gaya masa ni na rubuta, ya ji daga gidanmu. Ki gaya masa ranar nan na ji kiran jandarman sarai, ba kurumta ba ce. In ana bukatar wanda zai tsaya masa, ki aiko, ko a kan jaki ne zan zo, in tsaya tsakiyar buro in ce Lawali ɗana ne, kowa ya ji. In kuma ya ce ba ya son ganina, kada ki matsa masa.

Na duba takardar tambayoyinku da kika bari kan tabarma shekaranjiya. A shafi na biyu akwai inda aka ce, “Mahaifinka yana raye?” In kin zo wurin ki karanta masa kamar yadda za ki karanta wa kowa. In ya ce a'a, kada ki gyara masa, Rabi. Rubuta yadda ya faɗa.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Allah ya sa bakinki da alƙalaminki kada su zama sanadin kukan kowa. Allah ya tsare ki, ya tsare Lawali inda duk yake, ya tsare bayinsa daga hannunsa in hannun ya ɓaci. Amin.

Mahaifinki,
Abdu